Babi na Huɗu: Lissafin Tsakar Gida

Yawanci da daddare ake faɗa, bayan an ci tuwo yara sun kwanta. Maigida zai shigo da wata fara'a da ba a saba gani ba, ya ajiye akwati ko leda a bakin gado: turmin atamfa biyu ko uku, leshi, takalmi da jaka, turare, wani lokaci har da 'yan kuɗi a ambulan. Sai ya gyara murya. "Maman Abba, dama akwai maganar da nake so mu yi. Ƙanwa zan kawo miki, ta riƙa taya ki aiki." Ita kuwa ta ji tun makonni, don irin wannan labari ba ya ɓuya, ko a gidan suna aka tsegunta mata, ko wajen kitso. Za ta dubi kayan ta ce, "Allah Ya sanya alheri, Ya ba mu zaman lafiya." Kayan faɗar kishiya ke nan, kuma iyakar abin da al'ada ta tanadar mata ke nan.

Abin da zai hana ta barci a daren mun saba kiransa kishi, mu yi dariya mu ce kumallon mata ne. Karin magana a kansa kuwa ba a magana, har da na wadda aka gaya wa uwar kishiya ta mutu ta ce ba kukanta ba. Kishi yana nan, zuciya ce, babu mai musu. Amma duk wanda ya zauna da matan da aka yi wa kishiya, ya bar su suka yi magana bai katse su da "sai haƙuri" ba, zai ji yawancin abin da ke bakinsu lissafi ne. Kuɗin cefanen da ba ya isar mutum bakwai yanzu zai ciyar da takwas, baɗi tara. Ɗakin da ta ci burin samarin 'ya'yanta su koma shi za a yi wa fenti. Kuɗin makarantar zango mai zuwa ya tafi lefe. A ƙarƙashin wannan duka akwai tambayar da ba ta furtawa: in zama ya ƙi daɗi, wa za a ce ta fita? Ta san amsa, don ta ga yadda aka yi da gwaggonta.

Kafin mu shiga cikin gidan, bari mu ga yawan abin. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2019 kan yadda mutane ke zaune a gidajensu a ƙasashe 130. Kashi 2 cikin 100 na mutanen duniya ne kawai ke zaune a gidan da miji ke da mace fiye da ɗaya. A Burkina Faso kashi 36 ne, Mali 34, Nijar 29, Nijeriya 28. In aka ware Musulmin Nijeriya kaɗai, adadin ya kai 40. A Masar da Pakistan da Iran da Afganistan kuwa, ƙasashen da dokarsu ta halatta abin, mazan da ke zaune da mace fiye da ɗaya ba su kai kashi 1 ba. A Burkina Faso kusan rubu'in Kiristoci a irin wannan gida suke. Wato abin da muke yi a nan ya fi kama da ɗabi'ar Afirka ta Yamma wadda addini ya zo ya tarar, ya yi mata iyaka, fiye da wani umarni da sauran Musulmin duniya suka yi sakaci da shi. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kusan mace uku cikin kowace matan aure goma suna da kishiya, a arewa maso yamma kuma sun haura huɗu cikin goma.

Hujjar da aka fi ji a majalisa da bakin masu wa'azin kasuwa ita ce mata sun fi maza yawa, in ba a ƙara ba ina za a kai su? Wasu har ninki suke ba su. Ƙidayar Nijeriya ta 2006 ta ce maza miliyan 71 da ɗoriya, mata miliyan 69 da ɗoriya. Ko mutum bai yarda da ƙidayarmu ba, kuma yana da dalili, ɗakin haihuwa na kowane asibiti a duniya yana ba da labari iri ɗaya: jarirai maza sun ɗan ɗara mata. To daga ina rarar matan take fitowa? Daga tazarar shekaru. A wancan bincike na 2018, rabin matan Nijeriya sun yi auren fari kafin su wuce shekara 19, maza kuwa sai wajen 27 zuwa 28. A arewa maso yamma shekarun matan na sauka zuwa wajen 16. Al'ummar da ke ƙaruwa da sauri irin tamu, 'yan shekara 16 a kullum sun fi 'yan shekara 26 yawa da rubu'i ko fiye. Ga rara ta farko. Ta biyu kuma zawarawa ne, waɗanda saki da mutuwa ke mayarwa layi, wata sau biyu, wata sau uku. Saboda haka yawan ƙarin aure a ƙasar Hausa yana tsaye ne a kan aurar da yarinya da wuri, da jinkirin saurayi, da yawan saki. Saurayin da ke tura baro a Kwari ko Dawanau, wanda budurwarsa ta ce masa an ba wani alhaji ita, ya san wannan lissafi ko bai taɓa ganin ƙidaya ba.

Ba na cikin masu jayayya da halacci. Aya ta uku ta Suratun Nisa'i ta ba da izini har zuwa huɗu, a cikin zancen marayu, bayan yaƙin Uhudu inda Musulmi wajen saba'in suka yi shahada suka bar iyali. Ta kuma ce wanda ya ji tsoron rashin adalci ya tsaya a ɗaya. Malamai sun yi bayani tun ƙarnoni, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, Risala da Muhtasar, ba su bar komai a duhu ba. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda muka tsince hukunce-hukuncen. Rabon kwana mun riƙe shi gam: budurwa kwana bakwai, bazawara uku, sannan a koma bibbiyu, kuma duk wanda ya yi satar kwana unguwa za ta ji. Wannan hakki ne da ba ya cin ko sisin kwabo. Waɗanda ke cin kuɗi fa? A fiƙihun Malikiyya kowace mace tana da hakkin masauki nata, ba a cusa mata kishiya a ciki sai da yardarta. Wadda aka saka saki na kome, a gidan mijinta za ta yi idda, shi zai ci da ita. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙi ya hana a fitar da ita. Riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, uban kuma shi ke biyan ci da tufafi da magani. Akwai ma kyautar sallama da ake so miji ya ba wadda ya saka, gwargwadon ƙarfinsa.

Ga kuma yadda ake yi. Takarda ce 'yar layi biyu, sau da yawa yaro ake ba ya miƙa. Kafin la'asar ta yafa mayafi ta tafi gidansu da na goye. Bayan kwana biyu ƙannenta maza za su zo da a-kori-kura, a kwance gado, a naɗe leda, a zuba kwanuka da tukwane a buhu, maƙwabta na leƙe ta saman katanga. Katifar ta riga ta lotse, madubin kabad ya tsage, abin da iyayenta suka ci bashi suka saya shekara goma sha biyu da suka wuce yanzu ko dillaliya sai ta yi yanga kafin ta taya. Manyan yaran an ce "'ya'yana ne, ba inda za su." Ɗakin kuma ba zai yi wata uku a rufe ba. Mai mata huɗu da ya hango ta biyar ba shi da hanya sai wannan, kuma akwai masu yi. A tarihin aurensu za ka ƙirga takwas ko goma alhali ba su taɓa haura huɗu a lokaci guda ba. Haddi bai karye ba, sai mata.

Wanda ya fahimci wannan zai daina mamakin kuɗin da ke tafiya wajen boka da malamin tsibbu da masu sayar da kayan mata. Macen da za a iya sallama da layi biyu, ba ta da ko bulo ɗaya a gidan da ta tsufa a ciki, dole ta nemi abin riƙewa. Na farko shi ne zuciyar maigida, kuma kasuwar da ta kafu a kan wannan, daga dillaliya mai shiga gida-gida har zuwa masu talla a Instagram da TikTok, ba ƙarama ba ce. Na biyu, wanda ya fi tabbas, 'ya'ya.

A nan sai mun yi ɗan lissafin gado. In miji ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon matarsa tumuni ne, ɗaya cikin takwas. In su biyu ne, tumunin za su raba. In huɗu ne, kowacce ta tashi da ɗaya cikin talatin da biyu. Sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu. A ce mutum ya bar naira miliyan 16 bayan an biya bashi, iyayensa sun riga shi. Matansa biyu, kowacce miliyan ɗaya. Uwargida tana da ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Amarya tana da maza huɗu da mata biyu. Miliyan 14 da ta rage za a kasa ta kashi goma sha huɗu: ɗakin uwargida huɗu, ɗakin amarya goma. In aka haɗa da na iyayen, wannan ɗaki miliyan 5, wancan 11. Uwargidan ita ce aka fara da ita tun ana haya a ɗaki ɗaya, ita ta sayar da 'yan kunnenta lokacin da jari ya karye. Rabon daidai yake a shari'a, ba a zalunci kowa ba. Amma kowace mace a gidan ta iya wannan lissafi tun kafin a mutu, ko ba ta taɓa zama a aji ba, kuma ta san wanda zai riƙe ta in ta tsufa ɗanta ne. Me zai sa ta huta alhali ta ɗakin can tana da ciki?

Wata masaniyar tattalin arziki Bafaranshiya, Pauline Rossi, ta bi diddigin haihuwa a gidajen mata da yawa a Senegal, ta buga sakamakon a 2019. Ta gano mace na rage tazarar da ke tsakanin haihuwarta idan kishiyarta na ƙara 'ya'ya. Unguwarzoma a Gwale ko Maraɗi ba ta buƙatar a gaya mata. Gasar haihuwa suna ne da mata da kansu suka raɗa. Jikin mace ne ke biya: ciki a kan goyo, ƙarancin jini, yaye kafin lokaci. A Nijar, inda binciken 2012 ya nuna fiye da sulusin matan aure suna da kishiya, matsakaicin haihuwar mace a lokacin ya kai 7.6, mafi yawa a duniya. Ba kishiya kaɗai ta jawo wannan ba, akwai auren wuri da rashin makaranta da yawan mutuwar yara. Sai dai duk ma'aikaciyar asibitin da ta taɓa yi wa mace bayanin tazarar haihuwa ta ji amsar nan: "In na tsaya, ita za ta tsaya ne?"

Kada a ɗauka kowane gida haka yake, ko kuma haka abin yake tun fil azal. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta riƙe 'ya'yan da aka ba ta, kuma a labarinta akwai kishiyoyin da suka yi faɗa, akwai waɗanda suka zauna lafiya har ɗaya na riƙe ɗan ɗaya. A gidan gandu na da, inda hatsi ke rumbu kuma kowane hannu ƙari ne a gona, zuwan amarya na iya zama sauƙi na gaske: kwana biyu kina girki, kwana biyu kina kaɗi ko saƙa ko kai gaisuwa. M. G. Smith, mijin Mary, ya lura cewa kulle ya bazu a karkara ne bayan an hana bauta, don matan da suka sami 'yanci sun ɗauki barin gona alamar daraja. Daga cikin kullen mata suka gina kasuwarsu. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi mamakin yawan cinikin hatsi da mai da ƙuli-ƙuli da abinci da ke gudana a bayan katanga, yara na kai-komo. Ranar da ba girkinki ba ita ce ranar sana'arki. Har yau akwai matan da za su ce maka kishiya ta ba su sarari, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa masu abin hannunsu, da zawarawan da suka zaɓi shiga ta biyu da idonsu a buɗe. Wani bincike da David Lawson da abokansa suka yi a ƙauyuka 56 na arewacin Tanzaniya, aka buga a 2015, ya nuna cewa in aka gwada gida da gida a ƙauye ɗaya, 'ya'yan gidan mata da yawa ba su fi na gidan mace ɗaya yunwa ba, sau da yawa ma sun fi su samu, don mazan da ke ƙarawa a can masu shanu da gona ne.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kuɓuce mana. A da wadata ke kawo ƙarin aure. Yanzu, a unguwannin bayan gari na Kano da Kaduna da Zinder, da yawa abin da ke kawo shi kaka ce ta yi kyau sau ɗaya, ko an biya bashin albashi, ko an ci zaɓe an sami ɗan muƙami, ko kuma abokai sun dame shi da tsiyar mijin mace ɗaya ƙanin gwauro. Kuɗin biki ake tanada, ba na shekara ashirin da za su biyo baya ba. Gidan haya ne, ɗaki biyu, murhu ɗaya, banɗaki ɗaya. Da yamma mai girki za ta jera kwanuka tana kasa tuwo, yaran ɗaki biyu sun kewaye ta, idon kowa a kan ludayi. Tsokar nama shida ce, mutum goma sha ɗaya. Biyu na kwanon maigida. Duk inda sauran huɗun suka faɗa, akwai ɗakin da zai kwana da magana. Gobe girki ya juya, a rama. Abin da maigida ya bayar in bai kai ba, ba a komawa a tambaye shi, don kada a ce ke ce mai ƙorafi. Kowacce cikawa take daga adashinta, kuma adashin daga tallan 'yarta yake fitowa. Yarinyar da ke yawo da farantin gyaɗa a tasha da ƙarfe goma na safe, sau da yawa gibin cefane take cikewa, tana kuma tara kuɗin kayan ɗakinta.

Yaran da suka tashi a haka sun san ɗaki kafin su san gida. Tatsuniyar Mowa da Bora ba daga sama ta faɗo ba, haka ma bambancin da kowane Bahaushe ya sani tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uba. Wanda uwarsa ta fita ya fi kowa shiga uku: abincinsa a hannun wadda ba ta haife shi ba, in uwar ta yi wani aure ya bi ta kuma ya zama agola. Ba zan ce auren mata da yawa ne ya haifi almajirci ba. Tsarin ya girme wa matsalar, kuma dubban iyaye na tura 'ya'yansu ne don neman Alƙur'ani tsakani da Allah. Amma in gida ya cika, hatsi ya ƙare tun kafin bazara, aka ce za a rage baki, ba ɗan mowa ake ɗora wa allo a ka a sa a mota ba. Lokacin da gwamnonin arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu a 2020 saboda annobar korona, an ga yara ƙanana da ba su iya faɗin sunan ƙauyensu ba. Bayan mutuwar uba kuma sai a haɗu a kotu. Duk alƙalin kotun shari'a ya san shari'ar gado tsakanin ɗakuna, wadda ke cin shekaru, gida ya rushe ana jayayya a kansa, ƙarshe a sayar wa baƙo a raba kuɗin, zumunci ya watse a harabar kotu. Marubutan Kano mata sun daɗe da kai wannan takarda. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin ɗan kasuwa ne da ya auro wata ya kori uwar 'ya'yansa tara. An fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Masu karatunsa na farko ba su ɗauke shi ƙage ba.

Masu neman gyara ma ba yau suka fara ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'yan taru don kai karatu ga matan ƙauye. A 1956 Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai na Kano, ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mace a Musulunci, ya taɓo kulle da auren mata da yawa, aka yi masa ca. A wajen taron cikarsa shekara hamsin da rasuwa ne, a Fabrairun 2017, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana cewa ana shirya dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, yana danganta 'ya'yan da aka haifa aka kasa riƙewa da daba da ta'addanci. An yi ta cece-kuce a rediyo da masallatai, kuma har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba. A Nijar ma haka: an yi yunƙurin dokar iyali a shekarun 1990, aka sake a 2011, duka biyun ƙungiyoyin addini suka taso aka janye.

Abin da gwamnatin Kano ta iya yi shi ne aurarwa. A farkon 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fito da zawarawan Kano kan titi don a ga yawansu, Hisba ta hana. Bayan shekara uku, a 2012, zamanin Gwamna Kwankwaso, Hisbar ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta fara auren zawarawa da ɗaurin aure ɗari, gwamnati ta biya sadaki, ta yi kayan ɗaki, ta ba da ɗan jari. A Oktoban 2023 an ɗaura aure 1,800 a rana ɗaya. Mutane sun fi kallon gadaje da katifu, amma abin da ya fi burge ni a shirin sharaɗi ne guda da aka gindaya wa angwaye: ba saki sai an koma wa Hisba. Ga hukuma ta addini, a Kano, ta amince cewa ana iya sa wa saki birki ba tare da an saɓa wa shari'a ba. Haka kuma a 2024 jihar ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma sama ba ta faɗo ba. Ashe ana iya taɓa aure da doka.

Wasu ƙasashen sun bi hanyoyi daban-daban. Tunisiya ta haramta ƙarin aure ɗungurungum a 1956. Wannan ba zai yiwu a nan ba, kuma ban ga dalilin ɓata baki a kansa ba. Senegal, a dokar iyalinta ta 1972, ta sa a tambayi ango a gaban jami'i ranar rajista: mace ɗaya, ko adadi kaza, ko har huɗu? Abin da ya zaɓa a rubuta, amarya na ji, kuma wanda ya ce ɗaya ba shi da damar canjawa daga baya. Maroko, wadda Malikiyya take bi kamar mu, ta gyara dokarta a 2004: mai son ƙari sai ya je gaban alƙali ya nuna dalili da halin riƙe gida biyu, a kira uwargida a ji ta bakinta, a kuma sanar da mai shigowa cewa akwai wata. In matar ta sa sharaɗin ba kishiya tun a takardar aure, magana ta ƙare.

Ni a ganina daftarin Kano ya kama ƙofar da ta fi wuyar tsarewa. Wa zai auna talauci? Manomin da ba ya albashi, ɗan kasuwar da ba ya rubuta ciniki, da wane ma'auni? Kuma da zarar an ce talaka kaɗai aka hana, an ba masu adawa makami, don za su ce an halatta wa mai kuɗi abin da aka haramta wa talaka, jama'a kuma su yarda. Ƙofar fita ta fi sauƙi, hukuncinta kuma yana nan a littattafan da masu adawar suka karanta. A rubuta kowane aure da kowane saki a wajen mai unguwa ko kotu. Mai saki ya san idda a gidansa za a yi ko ya biya haya, ya san kotu za ta yanka masa kuɗin ciyar da yara ta kuma bi shi ta karɓa, ya san akwai kyautar sallama daidai da shekarun da aka yi. Wanda ya san fitar da mace zai ci masa kuɗi zai yi nasa lissafin tun kafin ya kai gaisuwa gidan wata, ba sai an aiko masa da mai duba aljihu ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran majalisa. Malikiyya ta san auren da miji ke mallaka wa matarsa zaɓi tun farko, cewa in ya yi mata kishiya al'amarinta na hannunta, ta zauna ko ta tafi. Malamai ba su so a cika aure da sharuɗɗa, amma sun tabbatar da wannan in an ƙulla shi. A wajen ɗaurin aure a ƙasar Hausa za ka ji waliyyi da wakili sun yi ciniki a kan sadaki, lakadan ko ajalan, a tambayi ci da sha da tufafi, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Da wuya ka ji waliyyin da ya buɗe baki ya nema wa 'yarsa wani abu bayan wannan, don kada a ce ya raina surukai. Uban nan kuwa shi ne ya sayar da gona ko ya karɓi bashin banki ya yi gado da kujeru da kabad da firji da gara, dukiyar da a gidaje da yawa ta ninka sadakin sau goma, aka kai gidan wani aka jera. Rabin kuɗin zai sayi fili a bayan gari da sunan yarinyar, ko ya kai ta ƙarshen karatun ungozoma ko na koyarwa. Dangin ango za su yi gunaguni ranar jere cewa ɗakin bai cika ba, 'yan ganin ɗaki su ɗauki hoto su yi gulma mako guda. Fili dai ba ya lotsewa, kuma ba a loda shi a a-kori-kura.